Butar Shayin Akita

Michihiro bai kira mahaifiyarsa ba tun da dusar ƙanƙara ta narke. A ganinsa babu buƙata, tunda ya ɗaura wa butar shayinta wata 'yar na'ura da ya haɗa da hannunsa. Duk safiyar da ta ɗora ruwa can ƙauyensu a Akita ta ƙasar Japan, na'urar sai ta aiko saƙo, wani bit a ƙwaƙwalwar kwamfutarsa ya tashi daga sifili ya koma ɗaya. Bit ɗin nan ɗan gurbi ne da ba ya ɗaukar komai sai lambobin nan biyu, amma Michihiro ya ɗora masa uwa sukutum.

A ofis a Kawasaki shi kaɗai yake cin shinkafarsa. Ya leƙa allo, ya ga ɗaya, ya ce Mama ta sha shayi. Kewarta yake yi ƙwarai, sai dai yana tsoron tambayarta ta kullum, wai yaushe zai zo.

Wata rana abokiyar aikinsa Shibata ta tsaya a bayansa tana taunar cingam.

"Michihiro-san, wannan layin na manhajar butarka kai ka rubuta?"

"Ni ne."

"To sannu, gwani. Umarnin duba bit ai iri biyu ne. Ɗaya leƙa bit kawai yake yi. Wannan da ka saka, in ya leƙa sai ya bar ɗaya a wurin."

Ta wuce abinta. Shi kuwa ya sake karanta layin. Kullum da asuba manhajar takan share bit ɗin ta yi dubawar farko, lokacin Mama ba ta tashi ba. Ashe tun daga nan manhajar take cika gurbin da kanta. Duk watannin nan, sawun hannunsa yake gani.

Ya gyara layin, ya share bit ɗin, ya jira. Washegari har azahar sifili ne.

Ya fita matakalar bene ya buga waya. Ta daɗe tana ƙara.

"Wa ke magana?"

"Mama, ni ne. Lafiyarki ƙalau? Butar..."

"Oho, butar." Ya ji ta ja kujera ta zauna a hankali. "Ai tun bazara na zare mata waya na saka ta a kabad. Na ce in ka ga shiru za ka kira."