Huji Uku a Bututun Iska

Motar ta shigo garejin Malam Habibullahi da hantsi, ranar Laraba, washegarin kasuwar Mafara. Ja ce, mai ƙofa biyu, ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi turɓaya, har sai da aka jera katako a bakin kwata kafin ta iya tsallakowa. Garejin bai saba da irinta ba. Abin da ya sani shi ne manyan motocin shanu masu warin kashi, da tsofaffin a-kori-kura da ke jigilar buhuna daga Morai.

Hafiza tana zaune a benci ƙarƙashin rumfar kwano, jakarta a cinya. A cikin jakar akwai na'urar duba inji da ta saya bayan ta gama karatun kanikanci. Kwana ashirin da shida ke nan tana zuwa garejin mahaifinta, ban da Juma'a, kuma ba ta taɓa soka na'urar a jikin mota ko ɗaya ba, don motocin da ake kawowa sun girmi wurin da ake soka ta. Sharaɗin Baba kuwa a fili yake: wata guda. Idan na'urar ta gano abin da kunnensa ya kasa ganowa, za a ware mata kusurwa a garejin. Idan ba haka ba, ta tafi Bakura ta kama aikin koyarwar da kawunta ya nema mata, a rufe maganar. Saura kwana huɗu.

Falalu ne ya fito daga motar, ɗan Alhaji Nagode mai fataucin shanu, wanda motocin gidansu bakwai suka yi shekara talatin ba su san hannun wani bakanike ba sai na Baba. Suka gaisa da Baba, an kwana lahiya, ya iyali, ya zafi, ya ƙahwar Alhaji, har gaisuwar ta ƙare don kanta. Sannan ya nuna gaban sitiyari, wurin wutar gargaɗin inji.

"Malam, wutag ga ta hana ni sakat. Washegarin Juma'ar da ka yi mata juyen baƙin mai na tahi Maradun, na sha mai na galan wajen Tsibiri, ban kai gida ba ta kunno. Wani ya ce in manna mata salatif in huta. Na manna. Yanzu in na tsaya sai ta riƙa kyarma kamar mai masassara, jiya a Damri ta mutu mini gaban mutane, 'yan karar shanu suna tambaya ko in ba su ita su ɗaura mata igiya." Ya tofar da yawu. "Wallahi in na gano wanda ya ɓata min ita, a tsakiyar kara zan faɗi sunanshi, kowa ya ji."

Baba ya sa a tada ta. Ya buɗe bonet, ya ɗora tsinken sukudireba a kan inji, ya kara ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. Ya daɗe a haka. Hafiza ta san wannan tsayuwar tun tana goye, kuma ta san yau ta yi tsawo.

Ɗan Juma, abokin aikin Baba tun suna samari, ya juyo yana goge hannu da tsumma.

"To, Injiniya, ga ranarki. Taho da allon naki ki yi muna duba."

Aka yi dariya. Baba bai yi ba, ya dai ɗaga mata haɓa. Ta tashi, ta gyara hijabi, ta durƙusa a gefen kujerar direba. Sau biyu tana kuskure ramin kafin wayar ta shiga.

Na'urar ba ta yi jinkiri ba. Ta ce iska ta yi wa injin yawa, mai ya yi masa kaɗan. Ƙwaƙwalwar motar tana ta ƙara mai, har kashi ɗaya cikin huɗu sama da ƙa'ida, duk da haka ba ta cim ma iskar ba, shi ya sa ta kunna wutar. Hafiza ta roƙi Falalu ya taka mai. Ya taka, injin ya yi ruri, lambar ƙarin man da na'urar ke nunawa ta faɗo kusan babu. Ya ɗaga ƙafa, ta sake hayewa. Nan ta gane. Da famfon mai ne ya gaji, ko man Tsibiri ne ya toshe wani abu, da takawa zai ƙara ɓata lambar, ba gyara ta ba. Wannan iska ce take satar hanya, tana shiga bayan ƙaramar na'urar da ke auna ta, ba tare da an lissafa ta ba.

"Mi kinka gani?" in ji Baba.

"Iska ta yi mata yawa, Baba."

"Iska." Ya dubi Ɗan Juma. "Cikin zahin Mafara, wai iska ta yi ma inji yawa."

"Sai mu rufa mata bargo," in ji Ɗan Juma. Falalu ya yi dariya har da dukan cinya.

Hafiza ta zare na'urar ta ajiye. Ta zagaya gaban motar, ta naɗe hannun riga, ta fara bin baƙin bututun robar da ke kai iska cikin inji da yatsunta, a hankali, daga sama zuwa ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Can ta ji wani sanyi yana tsotsar fatar yatsanta. Ta shafa. Huji ne. Ta matsa kaɗan, wani. Ƙasa da su, na uku. Ba tsagewa ba ce, ba cin ɓera ba ne. Bakinsu sumul, robar ta narke ta yi ƙawanya, kuma an jera su kamar duwatsun murhu.

Ta san hannun. Tun tana 'yar shekara bakwai take ganin Baba yana tura ƙusa a garwashin mai shayi, ya jira ta yi ja, ya huda bututun iskar duk motar da ta zo hannunsa, huji uku, daga ƙasa. Yakan ce waɗanda suka ƙera motocin nan a ƙasar sanyi suke, ba su san motar da za ta ɗauki shanu goma sha biyu a watan bazara tana bukatar ƙarin hanci ba. Kyauta yake yi, ba ya ma faɗa wa mai mota, kamar yadda mahauci yake ƙara wa na gida tsoka ba tare da ya ambata ba. Tsofaffin motocin ba su taɓa ƙorafi ba, don ba su iya lissafi ba. Wannan kuwa, da ya huda ranar juyen baƙin mai, ta iya.

Ta tsaya da yatsanta a kan hujin. Da ta toshe shi, sai kyarmar injin ta ɗan lafa, ta yi maza ta janye kafin wani ya lura. Magana ɗaya ce za ta yi, a ware mata kusurwa. Ta dubi Falalu, yana jingine da ƙofar motarsa yana karkaɗa makulli. Ta dubi Baba. Furfura ta gama cin gemunsa, ga sukudireban har yanzu a hannunsa, yana juya shi kamar bai san inda zai ajiye ba.

"To, ɗiyata?" in ji Ɗan Juma. "Ina iskar take shiga? Ko ta taga?"

Hafiza ta ɗago daga kan injin.

"Ban gano ba, Kawu."

"Allon bai faɗi ba?"

"Bai faɗi ba."

"Ashe shi ma tsegumi ya iya, ba ya kawo shaida."

Baba ya ce man Tsibiri ne, ya sa Ɗan Juma ya kwance matatar mai, ya busa ta da baki, aka wanke fulogogi. Ana cikin haka aka kira azahar. Maza suka wanke hannu da kananzir da omo, suka nufi masallacin bakin titi, aka bar ta da motar kamar yadda ake barin ta da gareji kullum a wannan lokacin.

Minti goma sha biyar gare ta. Ta tsallaka rumfar mai faci, shi ma ya tafi salla, ta yanko roba uku daga tsohon tub na taya, ta ɗauko gam ɗinsa. Ta kankare gefen hujin, ta shafa, ta hura, ta manna. Injin da sauran zafi, ya ƙone mata bayan hannu, ba ta ji ba sai daga baya. Ta soka na'urar ta goge gargaɗin. Ta koma benci ta ɗora jakar a cinya.

Da suka dawo, Baba ya mayar da matatar, ya sunkuya ya ɗaure abin da zai ɗaure, ya ce a tada. Injin ya tashi lumui, ba kyarma. Falalu ya ɓare salatif ɗin, ya leƙa, babu wuta. Ya zagaya da ita har bakin tasha ya dawo, babu wuta.

"Malam, kai ne dai," ya ce, yana riƙe hannun Baba da hannu biyu. Ya waiwayo wajen Hafiza cikin raha. "Ƙanwata, a sai da allon nan a sai tunkiya, ta hi amfani."

Aka jera masa katako ya fita.

Ta jira har la'asar ta wuce, Ɗan Juma ya tafi neman wani ƙarfe a kasuwa. Baba yana zaune a kan tsohuwar taya yana jera sifanu a akwati bisa girmansu. Ta durƙusa a gabansa. Ta shirya maganar tun azahar, yadda za ta fara da yabon hannunsa, yadda za ta bi a hankali. Duk ta zube.

"Baba, hujin nan ne. Na bututu. Ni na toshe su."

Bai ɗago ba.

"Na ga facin sa'ad da na sunkuya. Na hagu bai kama da kyau ba, kin yi gaggawa."

Ta jira sauran. Ya ɗauki sifana mai lamba goma sha biyu, ya goge ta, ya sa a wurinta.

"To, Baba, ai ta gano ke nan."

"An tambaye ki gaban mutane, kin ce ba ta gano ba. Ɗan Juma ya ji, ɗan Alhaji ya ji. In na ware miki wuri yanzu, mi zan ce musu ta gano?"

"Sai a ce wani abu daban."

"Ni ban saba ƙarya ga abokan aikina ba."

Ta kalle shi. Ta tuna yadda ya karɓi yabon Falalu ɗazu, alhali ya riga ya ga facin. Ƙunar bayan hannunta ta fara tashi ruwa. Shi ma ya ga ƙunar, ya kau da ido.

"Ki shafa mata man shanu in kin je gida," ya ce. "Kawunki na Bakura ya ce Litinin za ki fara. Motar Bakura ta farko ƙarfe bakwai take tashi, kada ki makara."

Ya rufe akwatin sifanu ya sa ƙugiya. Hafiza ta miƙe. Saura kwana huɗu a watan, amma ta san ba a nufin ta zo gobe. Ta nannaɗe wayar na'urar, ta tura ta ƙasan jaka, ta yi masa sai an jima. Ya amsa mata, kamar yadda yake amsa wa kowa.