Tagar Aksel

Bodil na cikin ɗauraye kofuna ta hango tagar maƙwabcinta Aksel a wangale. Cikin wannan sanyi na Janairu! Tsohon da likita ya ce iska kaɗan ta isa ta kwantar da shi.

Dama tun ranar da hukumar gari ta turo sabuwar mai jinya, wata Rikke, hankalin Bodil bai kwanta da ita ba. Yarinya ba fara'a, tana shiga sai ta mayar da ƙofa. Ga shi yau har kiɗan ya ɗauke. Aksel kuwa gara ya bar abinci da ya bar tashar nan ta tauraron ɗan'adam mai sa goge da piyano na mutanen da. In dusar ƙanƙara ta rufe kwanon kama tashar da ke jikin bango, kiɗa ya ɗauke, da kansa yake leƙowa da tsintsiya ya kakkaɓe, yana mita, ya ja tagarsa. Yau kwano ya yi fari fat, ba wanda ya taɓa shi.

"Biri ya yi kama da mutum," in ji Bodil. Ta zura takalmi ta tsallaka.

Rikke ce ta buɗe ƙofa.

"Ke, jinya aka turo ki ko kisa? Wa ya buɗe masa taga?"

"Ni ce."

"Kin kuma kashe masa rediyo don kada a ji motsinki, ko? Matsa in ga!"

Rikke ta matsa ba musu. Aksel na kwance, an taje masa gashi, an haɗa masa hannuwa a ƙirji.

"Ɗazu ya cika," in ji Rikke a hankali. "Na buɗe ne ransa ya samu hanya."

Kunya ta rufe Bodil. Ita da hannunta ta buɗe wa mijinta irin wannan taga ranar da ya rasu, kamar yadda al'adarsu take, amma zargi ya mantar da ita.

"Ya roƙe ni kada in kashe masa kiɗansa," Rikke ta ce. "Ban taɓa ba, da kansa ya yi shiru. Na danna ko'ina, ya ƙi."

Bodil ta ɗauko tsintsiya a bayan ƙofa, ta miƙa hannu waje ta kakkaɓe kwanon. Rediyo ta ɗan shaƙe, sai goge ya dawo, siriri.

Ta jingine tsintsiyar, ta bar tagar a buɗe.