Mangwaron da Ƙuda Bai Taɓa Ba

Karo na uku ke nan Mai Mangwaro tana karanta takardar a tsaye, kamar idan ta matsa wa rubutun zai canja magana. Bai canja ba. Ɗakin gwaji ya ce an sami burbushin maganin ƙwari a busasshen mangwaron da ta aika a duba, har ya haura abin da ƙasar masu saye ta yarda da shi.

"Maganin ƙwari? A nawa mangwaron?" ta ce. "Ni da ko turare ba na bari a shigo mini da shi wurin nan?"

Wakilin kamfanin ƙasar wajen yana zaune a kan benci ya harɗe ƙafa, takalminsa sai ƙyalli yake yi. "Ranki ya daɗe, ni ɗan aike ne. Sun ba ki zuwa ƙarfe huɗu na yamma. Ki rubuta ta inda maganin ya shigo da yadda kika toshe hanyar, sai su yarda a sake gwaji. In ba haka ba, odar ta koma hannun wasu."

"Su wa?"

Ya yi murmushi, ya gyara agogonsa. Ba sai ya faɗa ba. Babban kamfanin lemon kwalba da ke ƙarshen titi ya fara busar da mangwaro tun bara, kuma ta taɓa ganin motar Wakili a ƙofarsu. Murmushin nan bai kwanta mata ba ko kaɗan.

Shekara bakwai ta yi tana wannan sana'a. Da faranti ɗaya ta fara a kan rufin ɗaki, don takaicin yadda mangwaro ke ruɓewa tuli-tuli a bakin kasuwa kowace shekara, alhali a wasu ƙasashe ana nemansa ido rufe. Yanzu mata goma sha biyu ke ci a ƙarƙashinta. Wannan ce odar farko da za ta tsallaka teku, kwantena guda duk bayan wata uku, kuma ta riga ta gaya wa duk wanda ya tsaya ya saurare ta, har da waɗanda ba su tsaya ba.

Ta leƙa filin shanya kafin ta fita. Tebura takwas a jere, kowane an lulluɓe shi da farar raga tas. Wannan dabararta ce, kuma tana ji da ita. Ranar da masu saye suka ce ba sa son ganin ƙuda ko ɗaya, ta fito da sababbin gidajen sauron da aka ba ta a asibiti lokacin goyon 'yan biyunta, ta sayo wasu ta ƙara, ta yanka ta ɗinke da hannunta. Tun daga ranar babu ƙudan da ya taɓa mata kaya. Wuri mai tsabta irin wannan a ce an sami guba? Lallai da hannun mutum a ciki.

Bas ta hau zuwa wajen mai lambun da ke kawo mata kaya. Duk tsawon hanya tana shirya maganar da za ta dasa masa. Ta same shi a gindin bishiya yana gyaran kwando.

"Gaya mini gaskiya, ka yi feshi bana?"

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Feshi? Bishiyoyin nan sun girme ni, ko tsani ba ya kai ƙarshensu. Da me zan fesa, da jirgin sama?" Ya shiga bukka ya fito da takarda a cikin leda. "Ke kika tilasta ni na kai ɗanyen mangwaro gwaji, kin manta? Ga shi, ɗakin gwajin nan dai, makon nan dai. Babu komai. Lafiya lau ya bar hannuna. Ki koma ki duba gida."

Ta juya takardar gaba da baya tana neman inda aka goge ko aka ƙara. Ba ta samu ba, kuma hakan ya fi ba ta haushi.

Da ta dawo ta tsaya a ƙofar ɗakin yanka tana bin matan da kallo ɗaya bayan ɗaya. Hirarsu ta mutu nan take, sai ƙarar wuƙaƙe a kan katako. Jiya 'yan'uwa ne, yau kowace fuska ta ga kamar tana ɓoye wani abu. Idonta ya tsaya a kan Gwaggo, ƙanwar mahaifinta, wadda ke riƙe da makullin wurin. Ita ke buɗewa da safe, ita ke share filin shanya sau biyu a rana, ita ke ɗaga raga ta juya kaya. Ɗanta kuma direba ne a babban kamfanin lemon nan. Makon jiya ma ya zo gaishe ta, ya daɗe tsaye kusa da teburan. Kuma wa ya fi Gwaggo ƙorafi a kan ragar? Kullum tana cewa tana sa mata raɗaɗi a fuska, a cire. Ashe so take ƙuda ya shiga ke nan.

"Gwaggo, zo mu yi magana."

Tsohuwar ta goge hannu a zane ta biyo ta ofis.

"Me ya kawo ɗanki nan ranar Talata?"

"Uwarsa ya zo gani. An hana ne?"

"Me ya zo da shi a leda?"

"Maganin ciwon gwiwata." Gwaggo ta ƙura mata ido. "Ke 'yar nan, fito fili. Me kike nufi?"

"An zuba wa kayana guba. Makulli biyu ne, ɗaya a hannuna, ɗaya a hannunki."

Gwaggo ta kai hannu ƙugunta. Sannan ta kwance makullin daga bakin zanenta ta ajiye a kan tebur a hankali. "Ni na goya ki ranar da uwarki ta kwanta asibiti. Da ina da guba, ai tun lokacin na sami dama." Ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Ba a yi sharar rana ba. Ki sa wata ta yi."

Ƙarfe uku da rabi Wakili ya dawo, har labari ya riga ya kai masa. Ya zo da wasiƙa a buge, ya shimfiɗa mata a tebur.

"Kin huta," ya ce. "Irin wannan suka fi so. Ma'aikaciya ɗaya ta yi ɓarna, an gano ta, an sallame ta, magana ta ƙare. Sunanta kawai za ki cika a nan, ki sa hannu a ƙasa."

Ta karɓi biro. Amma ba ta cika sunan ba. Ba wai ta daina zargin ba ne, zuciyarta ce kawai ta yi mata ɗaci. "Ba ni minti biyar," ta ce, ta fita filin shanya don ta sha iska.

Tsintsiyar Gwaggo tana jingine da bango. Ta ɗauka don ta ba hannunta aiki, ta sunkuya a gindin tebur na farko, sai ta tsaya. Ƙudaje ne a ƙasa, matattu, sun yi layi daidai inda gefen ragar ya sauka. Ta duba tebur na biyu, haka. Na uku ma haka, har da wani a kwance ta baya yana juyi yana wuntsila ƙafafu. Ba ta taɓa ganinsu ba, domin kullum kafin ta zagayo an share.

Ta ɗaga ragar ta cusa kai ciki, yadda Gwaggo ke yi sau shida a rana. Ragar ta ɗumama da rana, tsakiyarta ta lotsa ta kwanta a kan yankakken mangwaron mai danƙo. Ta goge ta a kumatu. Kafin ta kai ƙofar sito fuskarta ta fara zafi kamar an shafa mata barkono.

A sito akwai gidan sauro ɗaya da ya rage a ledarsa. Ta juya bayan ledar. Rubutun yana nan da manyan baƙaƙe, an jiƙa shi da maganin kashe ƙwari, ƙarfinsa yana kai shekara uku. Ta sani. Kowa ya sani. Amma a kanta gidan sauro kayan asibiti ne, abin da jarirai ke kwana a ciki, bai taɓa zo mata a matsayin guba ba. Kunya ta rufe ta.

Wakili yana duba agogo lokacin da ta shigo. Ta juya wasiƙarsa ta baya, ta rubuta layi biyar da hannunta cewa daga ragarta maganin ya fito kuma za ta cire ta, ta sa hannu, ta miƙa masa tare da ledar.

Ya karanta, ya ɗago. "Ranki ya daɗe, kin san abin da kika yi? Waccan ta ce mutum ɗaya ya yi laifi. Wannan ta ce mai wurin ce ba ta san aikinta ba. Zan aika, amma ban yi miki alkawarin komai ba."

"Aika haka."

Ta sa matan suka yaye ragar duka takwas, suka kwashe abin da ke kan teburan gefe guda. Sannan ta ɗauki makullin daga kan tebur ta fita da ƙafa.

Gwaggo tana zaune a tsakar gida tana shafa magani a gwiwa. Ta amsa sallamar ba tare da ta ɗago ba. Mai Mangwaro ta durƙusa a gabanta ta ajiye makullin a kan tabarma.

Tsohuwar ta ɗago a ƙarshe. Ba ta kalli makullin ba, kumatun da suka yi ja ta kalla.

"Kada ki sosa, ƙaruwa yake yi," ta ce. "Ruwan sanyi za ki sa. Wata huɗu ke nan ina fama da shi."