Haƙorin Ba da Haƙuri

Tun ƙarfe tara Vasemaca take zaune a bencin baya na kotun majistare, ta karkatar da kai gefe domin kunnen dama kaɗai ya rage mata. Na hagun, mijinta Sakiusa ya kashe shi da mari wata takwas da suka wuce. Saboda marin ne kotu ta ba ta takardar kariya: kada ya kusance ta, kada ya taka gidan uwarta, mita ɗari tsakani.

Ranar masu taka irin wannan takarda ce, kuma tun safe take jin yadda ake sallamarsu. Na farko ya haura katanga, aka ja masa kunne. Na biyu ya bi matarsa har coci, aka yi masa ɗaurin talala, ya fita yana gyara zanen da mazan garin ke ɗaurawa, yana gaida 'yan sanda. Na uku kuwa matar ce ta miƙe tana kuka ta ce ta yafe, surukarta na riƙe da gefen rigarta. Kai, kunnuwan mazan garin nan sun sha ja, amma ba wanda ya daina ji.

Tsoro ya cika Vasemaca. Ƙararta ba ta da ƙafa. Ta ce Sakiusa ya zo ya tsaya gaban teburinta a kasuwa, ya ɗauki gwaza yana juyawa yana kallonta. Kasuwa cike da mutane, amma da ɗan sanda ya zo tambaya, kowa ya ce yana ƙasa yana gyara kaya. In aka kori ƙarar, kuma aka yarda an sasanta, takardar ta mutu. In ta mutu, yau ɗin nan za a ɗaure mata kaya a mai da ita ɗakinsa.

Kawunta Peniasi na gefenta, ya sha farar riga, sai sheƙi yake. Shi ne ya karɓi tabuwa ranar Asabar, haƙorin nan na babban kifin teku da ba a mai da shi idan an miƙo shi da neman gafara. Ya sunkuyo yana mata raɗa.

"Kawu, dawo ta nan ɓangaren," in ji ta. "Wancan kunnen surukinka ya gama da shi."

Ya zagayo yana tsaki. "Cewa na yi, in an tambaye ki, ki ce an gama magana. Kar ki kunyata mu."

Aka kira Sakiusa. Ya shigo akwatin waɗanda ake tuhuma da Littafi Mai Tsarki a hammata, mutumin da rabonsa da coci tun ranar ɗaurin aurensu. Lauyansa, wani dogo mai son jin muryar kansa, ya miƙe.

"Ya mai shari'a, maganar kasuwa ba shaida ko ɗaya. Kuma ma me ya rage? An sasanta bisa al'ada! An kai tabuwa, an dama yangona, abin shan nan na sulhu, an sha, dattawa sun tafa hannu. Ga hoto."

Alƙaliyar, dattijuwa ce mai tabarau a kan karan hanci, ta karɓi hoton ta daɗe tana dubawa.

"Wane ne wannan da ya durƙusa?"

"Wanda ake tuhuma ne, ya mai shari'a. Dubi tawali'u!"

"Na gani. Ina ne nan?"

"Gidan uwar matar. Tsakiyar ɗaki, kan tabarma."

"Yaushe?"

"Asabar ɗin nan da ta wuce. Ga kwanan wata a jiki."

"Mutum nawa suka gan shi a can?"

"Goma sha ɗaya, duk dattawa, kuma duk ga su nan zaune."

Dattawan suka gyaɗa kai tare, kowa na so a san da shi aka yi. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara, wanda tun safe yake hamma, sai ga shi ya gyara zama ya zaro biro.

Alƙaliya ta ce, "Vasemaca, tashi. Ban gan ki a hoton ba."

Ta miƙe. "Ina kicin, ya mai shari'a."

"Kina me?"

"Ina dafa musu gwaza da kifi. Mutum goma sha ɗaya ba su cin kaɗan."

Wani ya tuntsire da dariya a baya, aka harare shi.

"An tambaye ki ko kin haƙura?"

"Gishiri aka aiko tambaya."

"Daga kicin zuwa tabarmar nan, mita ɗari ne?"

"Taku shida ne. Na ƙirga, don ta ƙofar baya na yi niyyar gudu."

Lauya ya dubi hoton da ya miƙa da hannunsa, ya koma ya zauna a hankali. Alƙaliya ta kori ƙarar kasuwa saboda rashin shaida. Ta Asabar kuwa, tunda ga hoto ga shaidu goma sha ɗaya, mai gabatar da ƙara ya shigar da ita nan take. Sakiusa ya amsa, don ba ta inda zai musa. Wata uku a gidan yari, kuma takarda na nan daram. Littafin ya zame daga hammatarsa, ɗan sanda ya ɗauka ya miƙa masa, ya ce zai sami lokacin karantawa.

A waje ba wanda ya yi wa Vasemaca magana. Matan dangin mijin suka juya mata ƙeya. Ta san gobe ba mai sayen gwazarta a cikinsu, kuma abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don wasunsu tare suka tashi.

Kawu Peniasi ya cim mata a tashar mota, rigar ta jiƙe da gumi. Wannan karon bai yi kuskuren kunne ba.

"Kin kyauta! To ni yanzu yaya zan yi da tabuwar mutane? Na karɓa a gaban jama'a, na ce an haƙura!"

Vasemaca ta ɗora kwandonta a ƙugu.

"Ai kai aka ba haƙuri, Kawu, kuma kai ka haƙura. In ya fito, sai ka ɗaura kayanka ka tare. Ka dai riƙa zama ta hagunsa, da dama yake mari."