Hatsin Gonar Mus'ab

Duk wanda ke zaurenmu na masu wasan waya a Dogon Dutsi ya san ni, Hisham, da kaifin baki. Sabon wasa na fitowa zan naɗi murya in yi masa fata-fata: wannan cin data gare shi, wancan kana taku biyu a tsayar da kai kallon talla. Amma babu wanda na ci wa mutunci kamar wasan noman da ƙanena Mus'ab ya ƙwallafa rai a kai. Na ce wanda ya tsara shi bai taɓa riƙe hauya ba. Hatsi ya tashi ba ruwa, ba ƙuduji, ba tsuntsu, ka shuka da hantsi ka girbe da azahar! Mus'ab sai dai ya yi dariya, ya ce ai abin da ya sa yake son sa ke nan.

Da zai tafi cin rani Kwatanu ya ba ni lambobin shigarsa, ya ce can ba zai sami sukuni ba, in riƙa duba masa gona. A wurinmu ba a barin gonar matafiyi ta yi ciyawa, don haka na karɓa ina gunaguni. Zazzaɓi ya kwantar da shi a can, kuma can aka yi masa sutura. Ko gawarsa ba mu gani ba.

Ban daina shiga ba. Ɗan manomin cikin wasan da ya zaɓa yana nan tsaye bakin rumbu da malafarsa, yana ɗaga mini hannu. Na yi ta shuka ina girbi har rumbun ya cika maƙil. Sai ga labari cewa kamfanin zai rufe wasan ƙarshen wata, wai masu yinsa sun yi ƙaranci. Irin labarin da nakan riga kowa yaɗawa ne, amma wannan karon ban yaɗa shi ba. Zuciyata ta karye.

Innarmu ta iske ni gindin bishiyar bedi bayan la'asar.

"Mi kake kallo haka, ido ya yi ja?"

"Gonar Mus'ab ta, Inna, ta cikin waya. Za a rufe ta."

Ta karɓi wayar da hannu biyu, ta daɗe tana duban ɗan mai malafa. Ba ta ce wasan yara ne ba.

"Wanga rumbu duk nashi na?"

"Nashi na."

"An hidda zakka?"

Na ce ba a fitar ba.

"To ka hidda. Sauran ka rabar sadaka kahin su rufe, lada ta iske shi."

Na ce to, ina ganin abu ne mai sauƙi. Na bi wasan lungu-lungu. Akwai wurin saye, akwai wurin sayarwa, akwai wurin musaya. Wurin kyauta babu. Na gwada sa hatsin a kasuwa ba tare da farashi ba, wasan ya ƙi karɓa. Na tambaya a zaure, abokina Rashid ya ce shi ma ya nema ya rasa. A ce mutane su zauna su tsara gona da rumbu da maƙwabta, amma ba wanda ya tuna manomi kan cika ƙwarya ya miƙa ta kan darni. Ni da na shekara ina tonon aibun wasan nan, wannan ban taɓa lura da shi ba.

Ranar rufewa ta zo, rumbun na cike. Da hantsi fuskar wayar ta yi fari, aka rubuto godiya da Faransanci.

Na gaya wa Inna gaskiya, cewa ko tiya ɗaya ta hatsin ba ta fita ba. Ta tashi ta nufi rumbunmu na tsakar gida, wanda damina ba ta yi wa kirki ba bana, ta sa aka sauko da dami. Ita ta sussuke da kanta, ta sheƙe, ta zuba a buhu.

"Kai ƙohwar masallaci. In an tambaya, ka ce na gonar Mus'ab na."

Na ɗora a ka na kai. Wani tsoho da ke zaune nan ya tara gefen rigarsa na zuba masa, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Ashe yaron ya samu ya yi noma bana?"

Na ce masa ya yi, kuma hatsin ya yi kyau.