Sitiyarin Kamyon Bukar

Kyari mutumin Zangon Damagaram ne, sana'arsa yanka garwar isansi, wato fetur, yana yin fitilu da mazurari. In kasuwa ta yi sanyi sai ya ƙera motocin wasa. Ba ya liƙa su da dalma. Kowane ɓangare yakan yanka masa 'yan kunnuwa, wannan ya shiga cikin wancan ya kama, in ka ga dama ka warware motar gaba ɗaya ka sake haɗa ta. Ni kuwa direba ne, don haka duk motar da ya gama ni yake kawo wa in duba. Shi Babarbare, ni uwata Bafillata, ka ga kuwa tsakaninmu akwai wasa. Ko mota ba ta da aibi sai na nemo mata.

Shekarar da aka yi zaɓen wi da no, na a zauna da Faransa ko a rabu, aka kama ƙanensa Bukar. Gyaɗa Bukar yake kaiwa Kano da wani tsohon kamyo, babbar motar lodi, da ya sayo can. Wani ya kai tsegumi biro, ofishin Turawa, cewa ban da gyaɗa yana jigilar maganar masu son a yanke Damagaram a haɗa ta da ƙasar Ingilishi, ta su Kano. Aka sa shi kaso. Da kaka ta yi sai labari ya fito cewa da an gama fuwar za a tura shi arewa, can cikin hamada, inda wanda aka kai ba kasafai yake dawowa da lafiyarsa ba.

Fuwar ita ce kasuwar baje koli da ake yi bayan girbi, kumandan yana bin tebur-tebur yana duba abin da aka noma da abin da aka ƙera. Tafintansa ya raɗa wa uwar su Kyari, Ya Falmata, cewa Baturen yana son 'yan ƙere-ƙere. In abu ya burge shi yakan tsaya, a tsayuwar nan kaɗai talaka zai iya jefa magana ɗaya. Kyari ya rufe rumfarsa, ya zauna ƙera kamyo.

Ban ga aikin ba, ina can wajen Mirriya da lodi. Da hantsi ranar fuwar na iso, na tarar da shi tsaye bayan tebur, idanu sun faɗa. Kamyon yana gabansa, tsawonsa kamu guda. Na duƙa na fara duba shi yadda na saba. Bodi na kara ne da aka feƙe sumul, tayoyi na tsohuwar roba, har da ta ajiya a ɗaure a baya. Na danna shi, ya lotsa ya dawo. Ya yi masa 'yan buhunan gyaɗa. Har lauyewar da ke ƙofar kamyon Bukar, inda raƙumi ya taɓa bugewa a Matamaye, ya fitar da ita. A ciki ga direba na icce da hula a karkace, hannu ɗaya kan sitiyari, ɗayan a waje ta taga, yadda Bukar yake yi. Na fara shirin ce masa karon farko Babarbare ya yi abin kirki, sai na sake kallon direban.

Na ce, "Kai bawana, wane gefe sitiyarin nan yake?"

Ya ce inda yake a motar Bukar, dama.

Na tambaye shi motar kumandan fa, wane gefe nata yake? Sai ya gane abin da nake nufi. A Damagaram mun saba ganin iri biyun, ba mai damuwa. Motar da ta fito ƙasar Ingilishi sitiyarinta dama, ta Faransa hagu. Amma mutumin da aka kulle don an ce zuciyarsa tana Kano, yanzu wansa zai miƙa wa Bature motar Kano ya ce a yi masa afuwa.

Kyari ya ce zai ruga Zango ya ɗauko kayan aiki. Na ce ya duba can. Kumandan ya riga ya shigo, yana wurin masu gyaɗa, tafinta a gefensa, jandarma biyu a baya. Ga kuma wani gardi yana kai da kawowa, an ba shi umarni kada kowa ya taɓa abin da aka riga aka jera.

Na zagayo gaban teburin, na ware hannuwan rigata kamar mai gyara saɓi, na ba gardin baya. Na ce wa Kyari ya yi da abin da ke jikinsa. Ya zaro 'yar wuƙar yankan farce, ya ɗaga kunnuwan rufin ɗaya bayan ɗaya, rufin ya fita. Sitiyarin ba na ado ba ne, waya ce ta sauka daga shi ta kama tayoyin gaba. Sai da ya kwance ta, ya huda sabon rami ta hagu da bakin wuƙar. Gwangwanin ya yanke shi a yatsa. Ya tsotse jinin ya ci gaba.

Gardin ya tsaya a bayana ya tambayi abin da nake yi nan. Na ce ina gaya wa Babarbaren nan ne motarsa ba za ta kai ko Gaffati ba. Ya yi dariya ya wuce. Kumandan ya bar masu gyaɗa, ya isa wurin dukawa. Daga su sai masaƙa, sai mu.

Waya ta kama. Kyari ya murza sitiyarin, tayoyi suka juya. Ya ɗauki direban zai zaunar da shi ta hagu, ya ƙi zama. Hannunsa na dama, wanda aka sassaƙa don ya fita ta taga, yanzu cikin mota yake tokarewa, taga kuwa tana hagu. Na ce ya karya hannun, ba mai lura.

Ya ce, "Tanimu, ba zan karya hannun Bukar ba."

Na zage shi ƙasa-ƙasa, na ce icce ne. Ya ƙi. Ba lokacin gardama, na fizge ɗan iccen na damƙe a tafin hannuna, shi kuma ya mayar da rufi ya danne kunnuwan. Na ce in Bature ya tambaye shi, kada ya kuskura ya ce sitiyari, kalmar Kano ce, bolan zai ce.

Kumandan ya iso. Dogo ne, fuskarsa ta yi ja da rana. Ya wuce fitilun Kyari bai kalla ba, ya tsaya a kan kamyon. Ya danna shi, ya sa yatsa ta taga ya murza, tayoyi suka juya. Ya kira wani Bature ya nuna masa. Sannan ya duƙa ya leƙa ciki, ya daɗe yana leƙe. Ya ɗora ɗan yatsansa a kan tsohon ramin na dama, ya yi magana. Tafinta ya ce ana tambaya ramin mene ne wannan.

Na so Kyari ya ce na iska ne, ko ɓera ya ci, ko wani abu.

Ya ce, "Nan bolan yake da, ranka ya daɗe. Na mayar da shi hagu."

Na ji ɗan iccen yana huda mini tafi. Kumandan ya miƙe tsaye, ya sake magana. Tafinta ya ce ana tambaya, to ina direban?

Kyari ya ce, "Direban yana wurin kumandan. Sunansa Bukar. In an ba ni shi, shi ma zai zauna inda aka ce."

Tafinta ya juya maganar. Baturen bai yi murmushi ba. Ya kalli Kyari, ya kalli yatsan da ke ɗigar jini, ya yi wa jandarma alama ya ɗauki kamyon, suka wuce teburin gaba. Kyari ya zauna a ƙasa. Na ce masa ya kashe ƙanensa da bakinsa.

Motar da ke kai 'yan kaso arewa ta tashi bayan fuwar. Muka tsaya bakin hanya tare da Ya Falmata muna leƙen fuskoki, ba mu iya gane kowa ba.

Ranar kasuwa da ta biyo, ina rumfar Kyari, sai ga Bukar ya shigo, an aske masa kai, ya rame, da kamyon wasan a hammata. An sallame shi da asuba, an hana shi hanyar Kano, an ce ya kai wa wansa wannan a sa masa direba. Ya zauna, ya sha ruwa, ya juya motar a hannunsa yana shafa lauyewar ƙofar. Sai ya leƙa ciki, ya tambaya wane ɗan banza ne ya taɓa masa sitiyari.

Na fito da ɗan iccen daga aljihu na ajiye gabansa. Ya gwada shi ta hagu, ya ƙi zama. Kyari ya jawo wani guntun icce da wuƙa, ya ce wa Bukar ya miƙo hannunsa na hagu ya ga yadda zai fitar da shi ta taga.