Allin Inna a Gefen Kwamfuta

Inna ba ta iya karatu ba, amma kwamfuta ba ta taɓa gagararta ba. Da allin ɗinkinta ta yi wa gefen gilashin alama. Layi ɗaya a ƙasa ta hagu, nan ake farawa. Layi biyu a sama, nan ake kiran Yaya, wadda aure ya kai nesa, ga kuma cikinta ya tsufa. Kullum da hantsi sai sun ga juna.

Sai kwamfutar ta fara buɗe abubuwa da kanta, har da mai cewa mun ci mota. Kwana uku ba kira, Inna ko abincin kirki ba ta ci. Da zan kai kwamfutar wurin gyara na ga duk ta yi fari-fari. Na ji kunyar a gan ta haka, na jiƙa tsumma na goge ta tas.

Mai gyaran, Likita muke ce masa. Ya duba ya ce, "Manhajar da ke tuƙa ta ce ta tsufa, an daina toshe mata kafa. Gida ne ba sakata. Akwai ta kyauta, Linux, kowa na iya leƙa cikinta, kuma ana gyara ta a kai a kai. Iri-iri ce. Wacce kake so?"

"Wadda Inna za ta iya."

"To, yaya take yi da wannan?"

Na kai yatsa zan nuna masa allin, na ga baƙi wuluk. Ai ni na goge shi.

Dole na koma gida na taho da Inna. A hanya ta ce, "Tsaftar da ɗakinka bai samu ba, ita ka yi wa idona?" Gaskiyarta ce.

Likita ya ba ta kujerarsa, ya soka wa kwamfutar filashi mai ɗauke da Linux iri-iri. "Gwaji ne kawai, Mama, kamar gwada riga. Ba a taɓa komai na ciki ba tukuna."

Ta farko, komai nata a sama yake. Inna ta yi ta yawo da linzamin kwamfutar. "Wannan an ɗinka mata aljihu a wuya. Cire."

Ta biyu ta zo da rubutu rututu. Ni ma da na yi 'yar makaranta sai da kaina ya juya.

Ta ukun na buɗewa, Inna ba ta ma tsaya kallo ba. Hannunta ya gangara ƙasa ta hagu da kansa, ta latsa, abu ya buɗe.

"Yauwa. Wannan tana da tarbiyya."

Likita ya fara kwashe hotunanmu gefe, sannan ya ɗora ta. Ya ce Inna ta nuna inda Yaya take zama, ta dangwala yatsa a sama, ya ajiye alamar kiran daidai nan. Ni kuma ya nuna min wata 'yar alama mai kama da garkuwa a ƙasa. "In ta nemi gyara, ka latsa mata. Aikinka ke nan."

Tun a shagon Inna ta kira. Ya yi ƙara sau huɗu, ina ƙirgawa, sai ga fuskar Yaya ta cika gilashin.

"Inna! Kwana uku shiru, na zata ba lafiya."

"Lafiya lau. Ke fa? Ɗaga ƙafar in gani. Ba na ce ki rage tsayuwa ba?"

Na samu benci a bakin ƙofa na zauna. Sai a lokacin na ji yunwa.